Lokacin da Munka Daina Zagin Tsoho

Ƙanen kakana na wajen uwa gurgu ne. Inna ta shanye mashi ƙafafu tun yana goye, haka mutanenmu ke faɗi, shi ma haka yake faɗi, har da alfahari, wai cikin ƴaƴan gidan duka shi kaɗai ta ga ya isa a taɓa. Da hannu yake tafiya. Yana da ƴan katakai biyu da yake dafawa, gwiwoyinshi kuma a naɗe da robar tsohuwar taya. Sana'arshi tufkar igiya da kaba: igiyar guga, dabaibayin jaki, ragaya. Ƙauyensu na gabas da Filinge, cikin Kurfai, inda har lokacin akwai gidajen da ba a salla, ana yanka ma iskoki kaza in damina ta kusa. Gidanshi na cikinsu.

Ni a lokacin ina da mata da ɗiya guda, ina da jaki da amalanke. Duk ranar kasuwa nakan je da sassafe in ɗauko shi da igiyoyinshi, in mai da shi da la'asar. Ba wanda ya sa ni. Jika nake gare shi, tsakanin jika da kaka kuwa a wajenmu babu kunya, sai wasa. Wasan kuma ba mai laushi ba ne. Tun daga nesa zai hango ni ya ce:

"Ga jakuna biyu sun iso. Wanne za a ɗaura ma amalanken yau?"

Ni kuma in ce, "Tashi tsaye ka tarye mu mana, in kai namiji na."

"Tafi ka tambayi matarka. Ni ta so tun farko, tausayinka anka ji anka ba ka ita."

Haka za mu yi ta yi har kasuwa. A can ma ba ni kaɗai ba ne. Wasu dangantaka ta ba su izinin wasa da shi, wasu shi ya fara tsokanarsu har sunka saba. Mahauci zai ce ya taso su yi tseren gudu, wanda ya ci ya ɗauki cinya. Shi kuma ya ce ba ya tsere a kan naman jakin da ya mutu a hanyar Abala. Mai goro ya ce mashi ja gindi, ya ce ma mai goro jan haƙori. Da bakin nan yake zagaya kasuwa duka ba tare da ya motsa daga tabarma ba. Na sha ganin mutum ya sayi igiyar da ba ya bukata don kawai ya tsaya a zage shi.

Sai anka kawo tele, wato talabijin. Zamanin soja ne, na farkon. Gwamnati ta aje akwati guda cikin kejin ƙarfe a fili, da batir da rana ke cika shi. Wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ke riƙe da makulli. Bayan magariba a buɗe, gari ya taru, manya a kan tabarmi, sauran a tsaye. Da labarai ake farawa: sojoji na buɗe rijiya, sojoji na duba rumbun hatsi. Lokacin labarai ko tari mutum yakan haɗiye, don akwai wani jandarma, ɗan sandan soja, da ke zuwa da kujerarshi ya zauna a gaba, kuma ba a san mai kai magana cikinmu ba. Bayan labarai, sau ɗaya a mako, a sa wasan kwaikwayo da Hausa, wanda muke ce ma teyatur.

Wanda bai zauna zamanin nan ba, da wuya ya gane. Mu ba mu ɗauki teyatur abin dariya kawai ba. Abin da gwamnati ke shirin yi, a can take fara nuna shi. An taɓa yin wasa a kan ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, munka yi ta dariya, ba a daɗe ba munka ga an buɗe shagunan wasu da ƙarfi. An yi na masu sare itace, sai ga masu gadin daji suna tsare amalanke a hanya. Saboda haka in wasa ya ƙare, kowa kan koma gida yana tunanin da wa ake.

Wasan da ya jawo mana wannan al'amari na wani tsohon gurgu ne a birni, mai keken guragu, da wani saurayi ɗan lakwal maƙwabcinshi. Saurayin na tura shi, yana kai shi likita, yana zama gabanshi kai a sunkuye yana sauraren nasiha. Ba ya ɗaga murya. Tsohon ma ba ya dariya, kullum idonshi na sama yana godiya. Mata sun so wasan, har da masu share hawaye da bakin mayafi. Ana cikin haka, wani mako, sai anka shigo da wani ɗan iska cikin wasan, ya kwaikwayi gurgun a bakin titi, mutane na dariya. Ba a ɓata lokaci ba ƴan sanda sunka zo sunka tura shi mota. Da wasan ya ƙare wani mai kwat ya fito ya yi magana da Faransanci. Mushe ya fassara mana: wai naƙasassu ƴan ƙasa ne, duk wanda ya yi masu ba'a, hukuma na ganinshi.

Jandarman ya juyo ya dubi jama'a. Ƙila wuyanshi ne ya gaji. Ni dai na ga idonshi ya tsaya a kaina, mahaucin da ke kusa da ni kuma ya rantse a kanshi ya tsaya. Kafin ranar kasuwa wani direba ya zo da labari wai a Baleyara an ɗauki wani don ya ce ma makaho makaho. Ba wanda ya ga abin da idonshi. Ba wanda ya nemi gani.

Ranar kasuwa na je ɗaukar tsoho. Ya tarye ni da jakunanshi biyu kamar kullum. Na ce, "Ina kwana, Kaka. An tashi lahiya?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa.

A kasuwa abin ya fi muni. Mahauci ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya aje mashi tsire a takarda. Mai goro ya ce, "Sannu da hanya, Baba." Tsoho ya jefa wannan magana, ya jefa waccan, ba wadda ta dawo. Mutane sai su yi murmushi su dubi ƙasa su wuce. Wata mata ta sayi igiyar guga ba ta ko taya ba. Na ga ya bi ta da kallo har ta ɓace cikin rumfuna. Kafin azahar shi ma ya yi shiru.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin tari ne. Kafin wannan da ƴan kwanaki na kai shi likita saboda tarin da ya ƙi barinshi, malamin likitan kuma ya ja ni gefe ya yi mani magana. Abin da ya ce bai wuce a ba shi ƙwayar bayan ya ci abinci, kuma ya rage taba ba. Ya ja ni gefe ne don tsoho ya cika mashi kunne da tsiya. Amma tsoho ya gani. A ƙasarmu kuwa an san lokacin da ake daina wasa da mutum: in ciwonshi ya kai inda ba a dawowa. Ranar da jikoki sunka shigo ɗaki sunka gai da kaka da ladabi, ranar kowa ya san a fara duba inda za a haƙa. Shi kanshi ya yi ma wasu haka.

A hanyar komawa ya ce, "Mi likita ya ce maka?"

"Ba komi, Kaka."

"Kwana nawa?"

Nan na gaya mashi komai, tele da teyatur da mai kwat da idon jandarma. Shi bai taɓa ganin tele ba, don kafin a buɗe ta yana ƙauye. Ya saurare ni har na gama.

"Wato akwati ya hana ka zagina."

"Ba akwati ba, hukuma."

"Hukuma ta bar Yamai da manyan motocinta, ta zo Kurfai tana gadin ƙafafuna. Ko ƙarya ba ka iya ba. Ka yi mai kyau mana, in ji daɗinta."

Mun kai wani wuri cikin fadama inda ba kowa sai goruba. Na sunkuya na ce a hankali, "To, ja gindi, ka ji daɗi?"

Ban san na waiga gaba da baya kafin in faɗa ba, sai da ya kwaikwaya mani. Ya ce, "Da raɗa. Haka ake ba majinyaci kunu, kaɗan-kaɗan." Gaskiyarshi ne. Wasa a bainar jama'a ake yin shi, a ji, a yi dariya, a ga wanda ya kā da wani. Wanda anka yi a ɓoye sadaka ce, kuma ya gane sadaka in ya gan ta.

Daga nan ya fara ja da baya. Matata takan dama mashi fura ranar kasuwa, ya sha yana cewa da shi ta aura da ba ta rame haka ba. Wannan karon ƙwaryar ta dawo yadda ta tafi. Mako na biye ma haka. Mutanen gidanshi sunka ce tuwo ma taɓawa kawai yake yi ya ture. Ya ba wani maƙwabci wuƙar da yake tsaga kaba da ita. Ya aika Damana a kira ɗiyarshi da ke aure can. Ya ce kada a yanka ma iskoki komai dominshi, kada a ɓata kaza. Tarin kuwa tuni ya warke. Yunwa ce ke cin shi, da ladabin mutane. Da na ɗaga shi zan sa a amalanke, sai na ji kamar damin kaba na ɗauka.

Ni kuma ina tsakiya. In anka sa ni kaso, wa zai ci da matata da ɗiyata? Jakin nan shi ne dukiyata duka. Na san mutanen da anka ɗauka saboda magana guda, sun dawo bayan watanni ba su son a tambaye su inda sunka je. Na sami mushe na tambaye shi ko doka ce da gaske, ko an rubuta ta. Ya ce shi abin da anka faɗa ya fassara, kuma kada in ƙara yi mashi irin wannan tambaya a gaban mutane. Na sami mahauci na ce mu koma yadda muke, mutumin nan mutuwa zai yi. Ya goge wuƙa a cinya ya ce:

"Kai jikanshi na, kana da hujja. Fara. In na ga ka kwana gidanka, sai in bi."

Matata ce ta ce tunda bai yarda da bakina ba, in kai shi ya gani da idonshi. Ranar teyatur na je ƙauye na ce mashi yau gidana zai kwana. Bai tambayi dalili ba. Ya sa a ɗauko mashi rigarshi ta biki, ya yi ban kwana da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na gane yana zaton likita za mu, inda ba a fitowa. Ban gyara mashi ba, don na san ba zai yarda ba.

Da munka isa filin, jama'a sunka dāre. Ni na so mu zauna can gefe, amma kafin in sauke shi an shimfiɗa tabarma a gaba, daf da kujerar jandarma. Jandarman ma ya ɗan ja kujerarshi ya ce, "Sannu, Baba." Tsoho ya ɗago ya dube ni, wato ka gani, har mai bindiga ya sani. Na koma bayanshi na tsuguna.

Anka fara labarai. Ya leƙa bayan kejin sau ɗaya, ya dawo ya zauna. Sai teyatur ya fara. A ranar saurayin ya kawo ma tsohon abinci, ya ɗauki cokali yana ba shi a baki, yana goge mashi gemu da tsumma.

"Hannunshi ma ya mutu?" in ji tsoho. Muryarshi ba ta san raɗa ba.

"A'a, Kaka. Yi shiru."

"To don mi ake ba shi a baki?"

Can saurayin ya durƙusa ya riƙe hannun tsohon yana cewa ya fi mashi uba. Kiɗa mai sanyi ya tashi. Wata mata a baya ta ja majina.

"Wanga tsoho yaushe za shi mutuwa?" in ji kakan nawa.

Wani dattijo ya ce a hankali, "Ba ciwo gare shi ba, Baba. Gurgu na kawai."

"Ba shi ciwo, kuma ake yi mashi haka?" Ya daɗe yana kallo, baki a buɗe. "Yaron ga ko sau ɗaya bai zage shi ba?"

"Bai taɓa ba."

"To ba abokinshi ba na. Keken yake jira."

Na ji wasu sun danne dariya, ta fito ta hanci. Na ga ya fara yarda da maganata, amma bai gama ba. Ganin akwati bai ishe shi ba. Ya dafa katakanshi ya juya, ya ba tele baya, ya fuskanci jama'a. Ya nuna ni da haɓa.

"Jama'a, ku diba mani wanga. Jikana na. Tun da na san shi, bai taɓa gardama da jakinshi ba face jakin ya fi shi gaskiya. Kai, mijin matata, da kai nike."

Jandarman ya bar kallon akwati. Bakin tsoho na dariya, idon ba ya yi. Tambayar da ya yi mani a hanya ce yake sake yi, kwana nawa. In na ce yi haƙuri, Kaka, a gaban mutanen nan, ya samu amsa, kuma na san ba zai ƙara sa komai a baki ba.

Na tuna ɗiyata, na tuna ƙofar kaso da na taɓa hangowa. Da na yi magana kamar muryar wani ce ta fito.

"Jakina dai da ƙafa huɗu ya zo nan. Kai da nawa ka zo? Wanda anka ɗauko kamar buhun gawayi shi ke da baki yau. Rigar ma aro ce."

"Rigar matarka ta wanke mani ita," in ji shi, ko numfashi bai ja ba. "Da hannunta, tana waƙa."

Dariya ta ɓarke daga wajen mata, ta bi filin duka. Ba ta daɗe ba, don jandarman ya miƙe. Ya naɗe kujerarshi tun wasa bai ƙare ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya kan tsoho.

"Mi yake gare ka?"

"Jika. Ba ni na zaɓe shi ba."

Ya juyo gare ni. "Kai ke da amalanke?"

Na ce e.

"Gobe da safe ka zo birgadi, ofishinmu, da shi."

Ya juya ya tafi. Mutanen da ke kusa da ni sunka ɗan matsa gefe. Kafin mu isa gida labari ya riga mu, na iske matata a ƙofa ta goya ɗiyar tana jira. Ba ta ce ai ni na sa ka ba, ni ma ban ce ai ke kika ce ba.

Da safe na gaya mata gidan wanda za ta je in ban dawo ba, da inda na aje ragowar hatsi. Na ɗaura ma jaki amalanke na tafi. A birgadi wani ya fito yana goge haƙori, ya nuna mani hanyar tafki, ya ce akwai tubali can, a kwaso, katanga za a ɗaga. Shi ke nan. Na yi ta kwasa har katangar ta tashi. Ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya ambaci tsoho ko tele. Duk shigar da na yi ƙofar nan da kaya, sai in ce wannan karon za a rufe ta a bayana. Har yau ban sani ba ko horo ne, ko kuwa dama amalanke suke nema sai bakina ya nuna masu ni. Sojan nan sun tafi, farar hula sun zo, wasu sojan sun dawo, tele ta shiga gidaje har an gaji da ita, ban samu wanda zai gaya mani ko abin nan ya taɓa zama doka ba.

A rana ta biyu, ina tafe da tubali rana ta ɗaga, sai na hango shi tsallaken hanya, ƙarƙashin dogonyaro, daidai ƙofar birgadi. Ya ƙi a mai da shi ƙauye. Da hannunshi ya jawo jiki tun daga gidana, matata na biye da shi da ƙwarya. Ya ari wuƙa a wani wuri, ga kaba a gabanshi yana tsagawa. Akwai jandarma zaune a bakin ƙofa, kuma na san tsoho bai zo yin shiru ba.

"Hukuma ta yi adalci," ya ce, yadda har masu wucewa za su ji. "Ta gane wanda ya kamata a aza ma kaya. Saura ta sallami jakin."

Na dubi mai gadin ƙofa. Yana kallon takalminshi. Na riga na fara, ba wurin komawa.

"Yi a hankali, tsoho. Gini ake yi, ana neman abin cike rami."

Mahauci na wucewa da tire a ka. Ya tsaya, ya dubi ƙofar birgadi, ya dube ni, ya ce, "Sannu da hutawa, Baba," ya ƙara sauri. Tsoho ya bi shi da tsaki, ya ce wannan ko an ba shi ƙafa huɗu gudu kawai zai yi da su. Sa'an nan ya miƙa ma matata ƙwaryar, babu komai cikinta. Ya ce furar ta yi tsami, gobe ta rage nono ta ƙara dawo.